Ranar da Aka Ba Labbo Jirgi

Shekara talatin ke nan mutanen Gangara suna kiran Labbo da suna Direba, shi kuma yana amsawa. Tun da ya dawo daga aikin reluwe a Ƙauran Namoda yake ba su labarin yadda ya ja jirgi mai tarago ashirin har Zariya, su kuwa su saki baki suna saurare. Gaskiyar magana, Labbo bai taɓa riƙe birkin jirgi ba. Lebura ne mai duba layi, ya saɓi guduma da safe ya bi dogo da ƙafa yana ƙwanƙwasawa. Ƙaryar ma ba da niyya ta fara ba. Wani ne ya ce masa direba a majalisa, ya yi shiru, shirun nan kuwa ya yi ta hayayyafa.

Bai taɓa jin tsoron tonon asiri ba, don wa zai kawo jirgin ƙasa Gobir? To, sai ga shi an kawo. Wasu masu walda da makanikai na Sabon Birni suka kafa ƙungiya, suka shekara biyu suna haɗa ɗan ƙaramin jirgi a duk ranar da ba su da aiki. Shugabansu Abdulrasheed mai walda ya tako har Gangara a kan babur, ya durƙusa ya gai da tsohon.

"Baba Direba, ranar kasuwa za mu hwara ɗaukar mutane kyauta. Kai ne za ka ja na hwarko, ba wanda yah hi ka cancanta."

Labbo ya so ya ce ciwon gwiwa ya tashi. Amma amininsa Is'haƙa, wanda ya fi kowa yaɗa labaransa har kasuwannin Nijar, ya riga ya amsa masa, har yana cewa rabin Gangara za su zo kallo.

Ranar kasuwa da hantsi suka iso filin da aka shirya. Gona ce da aka gama girbe gero, an shimfiɗa layi ya kewaye wata babbar tsamiya ya dawo. Da Labbo ya ga jirgin sai ya manta da tsoronsa na ɗan lokaci. Tsayinsa bai wuce ƙugun mutum ba, amma jirgi ne, babu abin da ya rage. An shafe kan da baƙin fenti, an ɓoye injin ban ruwa a cikinsa, ga sarƙar babur tana juya ƙafafun, ga bututun hayaƙi, ga taragu huɗu masu benci. Har 'yan katakon da ake gindayawa ƙarƙashin dogo an jera su tsaf. Mutanen da ya sani suna liƙin ƙofa da gyaran tukunyar salansa su ne suka yi wannan da hannunsu, ba su taɓa ganin na gaske ba sai a waya. Ikon Allah, in ji shi a ransa.

Jama'a kuwa ba masaka tsinke. Manoma, fatake, Fulani da suka kawo nono suka manta da ƙoren a ƙasa, malamai da ɗalibansu, kowa ya yi tsit kamar ana huɗuba. Abdulrasheed ya ja igiya, injin ya ɗauka, mata suka ja da baya suna salati.

"Bismillah, Baba."

Labbo ya leƙa wurin zaman direba. Ƙarafa uku ne a tsaye, bai san wanda ke tsayar da abin ba. Hankalinsa ya tashi ƙwarai. Don ya sami lokaci, sai ya ce a ba shi guduma, ba a tashin jirgi sai an duba hanya.

Yana sauke gudumar a kan dogo hannunsa ya tuna abin da ya sani. Ƙarfen da ya zauna daram yana da amo mai tsawo, wanda ya saki kuwa gajeren kuka gare shi, kamar fasasshiyar ƙwarya. Ya bi layin a sunkuye, taku uku ya buga, taku uku ya buga. A kwanar bayan tsamiya amon ya mutu. Ya sake bugawa, ya tsuguna ya tone ƙasa da yatsu. Gara ta cinye katako biyu daga ciki ta bar ɓawo, dogon yana tsaye ne kawai bisa alkunya.

Ya ɗaga kai ya hangi matan da suka riga suka zaunar da 'ya'yansu a taragu. In ya hau ya yi ta lalube, wataƙila Abdulrasheed ya rufa masa asiri daga baya. Amma mutumin da ya ga abin da gara ta yi wa katako a ɓoye, ba ya ƙara ɗora yaran mutane a kan ɓawo. Ya kira Abdulrasheed ya nuna masa, sa'an nan ya miƙe ya yi magana yadda na nesa ma za su ji.

"A canza wanga katako kahin a tashi. Kuma ɗana, kai za ka ja jirginka. Ni ban taɓa tuƙi ba. Aikina ke nan da kuka gani, bin hanya da guduma, shekara ashirin da biyu. Abin da nike hwaɗa muku a Gangara ƙarya ta, ku yahe mani."

Wasu samari suka tuntsire da dariya. Wani ya ce ramin ƙarya ƙurarre ne, ba kuma a ƙasa-ƙasa ya faɗa ba. Is'haƙa ya juya fuskarsa gefe, wannan kuwa ya fi dariyar yi wa Labbo ciwo.

Aka sauke yaran, 'yan ƙungiya suka canza katakon cikin rabin sa'a. Aka ce a hau, sai wata mata mai suna Maryamu, mai sayar da fura, ta riƙe 'ya'yanta biyu gam.

"Ba ni ɗora ɗiyana sai tsohon ga ya buge sauran hanyar ya ce ta yi."

Sauran mata suka ce su ma haka. Labbo ya ƙarasa zagayen, gumi na zuba, kowa ya yi shiru ana jin gudumarsa ita kaɗai. Da ya dawo ya ce hanya ta yi, sai aka fara hawa.

Abdulrasheed ya zaunar da shi a bencin farko, dab da bayansa. Jirgi ya yi kuka, ya girgiza, ya motsa. Karan gero suka fara tafiya baya, tsamiya ta juyo a hankali, dogo biyu suna shigewa ƙarƙashin kan jirgi ba sa ƙarewa. Gudun bai fi na jaki ba, amma yara suna ihu kamar za a tashi sama, wata tsohuwa ta rufe ido tana ta kalmar shahada. Labbo ya riƙe benci da hannu biyu, hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba. Daɗi yake ji da kunya a haɗe.

A zagaye na biyu ya ji an dafa kafaɗarsa. Ashe Is'haƙa ne a bayansa tun ɗazu.

"Labbo, wancan babban na Ƙaura, mi ne girmanai? Gaskiya nika so."

Labbo ya waiwayo.

"Ni daga ƙasa nika ganinai, Is'haƙa. Ƙahwarshi guda ta kawo mani nan," ya taɓa ƙirjinsa. "In shina wucewa, ƙasa har rawa takai, ni ma ina rawa tare da ita."

Is'haƙa ya matso da kunnensa saboda ƙarar injin, ya ce, "To, ci gaba. Wannan ban taɓa ji ba."