Ƙahon Ragon Saratu

Wata goma sha ɗaya Larai ta yi tana kiwon ragon nan a bayan ɗakinta, a garin Gummi. Dusa, harawa, ruwan kanwa, ba abin da ta rage masa. Har mijinta Iliya, malamin firamare, yakan ce ragon ya fi shi gata a gidan, ita kuwa ba ta taɓa musa masa ba, don ragon ya fi shi amfani nesa ba kusa ba.

Ragon shi ne makarantar Saratu, babbar ɗiyarsu. Yarinyar ta samu gurbi a kwalejin horon malamai, rajista farkon Janairu. A shekarar nan ta 2006 kuwa Babbar Salla ta faɗo kwanaki kaɗan bayan Kirsimeti, rago ya yi tsada, kuma maƙwabcinsu Malam Maharazu ya riga ya ce shi zai saya ya yi layya. An gama magana, saura a kama igiya.

Ana saura kwana biyu Kirsimeti sai ga Bature, wan Iliya, ya iso daga Kaduna a wata mota mai tari kamar tsoho. Tsarabarsa burodi biyu ce da kalanda mai hotonsa, ta wata ƙungiya da ya ce shi ne ma'ajinta. Larai ta san shi ciki da bai. Inuwar giginya ne, na nesa ka sha. Shekara huɗu ke nan da ya yi mata alkawarin keken ɗinki, har yau ko allura ba ta gani ba.

Bai gama shan ruwa ba idonsa ya faɗa kan ragon.

"Iliya, ashe ka yi shiri! Bana kam garin nan zai san muna da biki."

Iliya ya sosa ƙeya, ya dubi ƙasa.

"Yaya, wanga ba na yanka ba na," in ji Larai. "Na makarantar Saratu na. Kaji huɗu munka tanada."

Bature ya yi dariya har da buga cinya. "Kaji? Ni in zo tun daga Kaduna a aika wa maƙwabta shinkafa da ƙafar kaza? Kuɗin makaranta ku bar mini, ina komawa zan aiko."

Larai ta san irin alkawarinsa. Tusa ba ta hura wuta. Mijinta ta duba, ko Allah zai sa ya buɗe baki sau ɗaya a rayuwarsa, sai ta ga ya duƙufa yana nazarin kalandar kamar zai rubuta jarrabawa a kanta.

Washegari da hantsi ta tafi coci koyon waƙa da matan zumunta. Kafin ta fita ta ƙara wa igiyar ragon ƙulli biyu, ta ce wa Iliya, "Baban Saratu, amana na bar maka." Ya ce to, yadda yake ce wa kowa to.

Tun daga bakin zaure ta ji kuka da ta dawo. Saratu ce tsugune a tsakar gida, ta rungume wuyan ragon, jini ya ɓata mata zane. Ƙaho ɗaya na kwance a ƙasa. Ashe Bature ne ya kwance shi, wai zai fito da shi waje a ɗauke su hoto tukuna. Mutumin da ko kaza bai iya kamu ba ya cafki ƙaho yana ja, ragon ya fizge, ƙahon ya maƙale a ƙyauren langa-langa ya ɓalle tun daga tushe.

Ana cikin haka Malam Maharazu ya yi sallama da wuƙarsa. Kowace shekara shi ke yi musu yanka, don maƙwabta Musulmi su ci abincin bikin da kwanciyar rai, kuma kaji ya zo yankawa. Ya tsuguna ya duba kan ragon, ya daɗe bai ɗago ba.

"Innar Saratu, sai haƙuri. Ƙahon da ya karye yana jini ba ya layya. Kuma kahin Salla ba shi warkewa."

"Malam, ko an sa magani?"

"Ko an sa. Ba ni kaɗai ba, duk mai layya haka za shi hwaɗa miki. Sai dai mahauta, su ko kin san abin da za su ba ki."

Ta sani. Abin da mahauta za su bayar ko rabin rajista ba zai kai ba. Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin, ta rasa ma hawayen da za ta yi.

"To kun gani," in ji Bature yana karkaɗe riga. "Allah da kansa ya raba gardama. Malam, bisimilla."

A nan ne Iliya ya yanke hukunci, karo na farko tun da aka ɗaura musu aure. "Tun da dai ya riga ya lalace," in ji shi a hankali, "a yanka ɗin."

Larai ta dube shi tun daga hula har silifa. Ta duƙa ta ɗauki ƙahon, ta shige madafa.

Ranar Kirsimeti, bayan an taso daga coci, aka rarraba kwanuka gida-gida. Bature ya tsaya a ƙofa cikin babbar riga yana karɓar godiya, yana cewa ai ba komai, ɗan abin da ya samu ne. Saratu kuwa ta mayar da sabon akwatinta na ƙarfe ƙarƙashin gado, ta fito tana wanke tukwane ba ta kallon kowa.

Da aka zauna cin abinci Iliya ya roƙi wansa ya yi addu'a. Bature ya miƙe, ya rufe ido, ya ja ta da tsawo har miya ta fara sanyi. Ya roƙa wa Kaduna, ya roƙa wa ƙungiyarsu, a ƙarshe ya ce Ubangiji ya buɗe wa Saratu ƙofar makaranta, ya sa ta zama abin alfaharin dangi. Aka ce amin. Larai ba ta ce ba.

Ita da kanta ta kawo kwanonsa, babban kwano na baƙi mai murfi, ta durƙusa ta ajiye a gabansa da ladabi. Bature ya naɗe hannun riga, ya buɗe. Shinkafa ce fara, ba miya ba nama, ƙahon na kwance a kai, an wanke shi tas.

"Mene ne wannan kuma?"

"Ci, Yaya," in ji Larai. "Makarantar Saratu ta. Naman an kai wa mutane, wanga rabonka na, kai ka cire shi da hannunka."

Bature ya juya ya dubi ƙanensa, yana jira ya tsawata wa matarsa. Iliya ya sunkuyar da kai. Shi ma kwanonsa na gabansa a rufe, ya kasa kai hannu ya buɗe.