Tsintsiyar Ortwin

Saura kwana goma sha ɗaya a rufe tashar wutar, Ortwin Pawlak ya lura tukunyar tururin tashar tana cin kwal fiye da ƙa'ida. Shekara talatin da biyu yana kula da ita, kuma duk alfaharinsa a duniya shi ne ya fitar da wuta mai yawa daga kwal kaɗan. Yanzu fankokin iska masu samar da wuta sun karɓe aikin, ba a kunna tashar sai iska ta kwanta. Bai ji haushinsu ba. Abin da ba zai iya haɗiyewa ba shi ne tukunyarsa ta ƙare da ɓarna.

Ya sami Silke, shugabar aiki, tana shan kofi.

"Tururi yana zurarewa a wani wuri," ya ce.

"Haba Baba Ortwin! Wa ke shafe gidan da za a rushe? Zauna ka ci burodinka."

"Ranki ya daɗe, ko gawa ai wanka ake mata."

Ta yi dariya. "To, je ka. Ka dai dawo mini da yatsunka goma."

Mai hali ba ya fasa halinsa. Ya ɗauki tsintsiya mai dogon hannu, yadda tsofaffin ma'aikata suka koya masa, domin tururi mai tsananin zafi ba a ganinsa, kuma yana yanka kamar wuƙa. Ya riƙa bin bututu a hankali, tsintsiyar na gaba. A hawa na bakwai sai ji ya yi ƙat, tururin ya datse rabin bakin tsintsiyar, ya faɗi ƙasa.

Washegari iska ta taso, aka kashe tukunya, shi da masu walda suka liƙe wurin. Sauran kwanakin ta ci kwal daidai, har da rangwame.

Ranar rufewa, bayan an kashe wuta, Silke ta kira shi bakin taga. A filin ajiya, inda aka yi lissafin ba za a bar komai ba, ga ɗan tudun kwal ruwan sama na dukansa.

"Ga abin da ka ceto," ta ce. "Babu mai ƙona shi yanzu."

Ya sauka, ya zaɓi dunƙule ɗaya, ya sa a kwanon abincinsa, ya tafi gida.