Jinginar Gidan Tudun Wada

Wata biyu Malam Ghali ya zo yi a Doha, a duba masa ƙoda a asibitin da 'yarsa ta fari take aiki, ya koma Zariya abinsa. Sai annobar korona ta sauko, jirage suka tsaya. Kafin su tashi, likitoci sun ce sai an riƙa wankin ƙodar a kai a kai. Wata biyu ya koma shekara uku, kuma duk a gidan suruki.

Abin da yake cin ransa ke nan, ba ciwon ba. Mutumin da ko sunan 'yar tasa Ruƙayya ba ya iya faɗa, sai dai ya ce Likita, wai shi ne yake kwana yake tashi a gidan mijinta a unguwar Ain Khaled! Mansur kuwa, mijin nata, injiniya ne mai kirki har ya yi yawa. Kullum sai ya durƙusa ya ce Baba ya fito a ci abinci tare, kullum Baban ya ce ya ƙoshi. Sai ya ji motar yaron ta bar gida sannan ya jawo kwano a ɗaki, kamar mai cin na sata.

Ya ƙudurta sai ya kama ɗakinsa, ko da akurki ne. Amma gasar kofin duniya ta ƙarato, masu gidaje sun haukace, haya ta yi tashin gwauron zabo. Fanshonsa na tsohon malamin kwaleji kuwa, in aka canza shi zuwa riyal, shayin karak kawai zai saya ya yi hamdala.

Sai ya tuna da gidansa na Tudun Wada. Ya buga wa Alhaji Tanko, ɗan kasuwar unguwarsu, suka yi magana irin ta manya: Tanko ya ba da kuɗi, ya riƙe gida jingina, ya zuba 'yan haya har ranar da aka fanshe. Tanko ya ce ba damuwa, amma fa gida sai a ba shi babu kowa ciki. Malam Ghali ya ce to, da sauri, don bai so ya yi dogon tunani a kan kalmar nan ta "kowa". Yayarsa Atine ce a ciki tun rasuwar mijinta. Ya gaya wa zuciyarsa ai za a san yadda aka yi.

Bai kai ga sanar da ita ba, zance ya riga shi, kun san unguwa. Ranar wata Juma'a bayan la'asar, yana zaune a tsakar gida, 'yan kallon ƙwallo suna ta busa ƙaho a titi, ta kira shi ta bidiyo. Ya ga ƙullin kaya a bayanta, an naɗe katifa. Ba ta yi faɗa ba. Ta tambayi jiki, ta tambayi yara, sannan ta ce ta ji, kuma gida nasa ne, Allah ya sa alheri.

"To ina za ki, Yaya?"

"Wajen Fausatu mana. Mijinta ya ce akwai ɗaki." Fausatu 'yarta ce. Ta gyara mayafi. "Ghali, kai da ka riga ni, gaya mini, yaya ake cin abinci a gidan suruki? Ina so in koya tun kafin in je."

Kunya ta rufe shi, wadda ta fi ta shekara ukun nan nauyi. Nan take ya ce ta kwance kayanta, zai kira Tanko yanzu.

Da magariba Mansur ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum, har ya fara miƙewa saboda ya riga ya san amsar. Malam Ghali ya fito, ya zauna a bakin ledar cin abinci, ya naɗe hannun riga. Idonsa a ƙasa.

"Miƙo mini ruwan wanke hannu," in ji shi.