Dutsen da Nake Murza Fulawa a Kansa

Shekara ashirin da biyu ina murza fulawa a kan dutse ɗaya, a kicin ɗin wani gidan saukar baƙi da ke cikin ganuwar garinmu, Sawira, a bakin teku. Farin dutse ne mai santsi, ko ana tsakar zafi shi da sanyinsa, shi ya sa kwaɓina bai taɓa kama shi ba. 'Yan yawon buɗe ido su ci msemen ɗina da zuma, wannan burodin namu mai ninki da ake toyawa a kasko, su yi ta lasar yatsa suna tambayar sirrin. Ni kuwa sai in ɗaga kai in ce hannu ne.

Wata Talata da hantsi bututun ruwa ya fashe a ƙarƙashin dutsen. Abdelƙadir mai gyaran famfo ya leƙa ya ce babu makawa sai an ɗaga shi. Shi da mai gadi suka ciccibe shi da nishi, suka jingine da bango, bayansa na kallonmu. Kyankyasai suka watse. Tsohon siminti ya rufe bayan, amma ta wani gefe ya ɓare, Abdelƙadir ya sa kurfi ya ƙara kankarewa don karambani. Sai ga gicciye. A ƙarƙashinsa ga rubutu layi huɗu.

Mai gidan, Si Fu'ad, ɗan Kazablanka ne da ya sayi wurin shekara tara da suka wuce, ya same ni a ciki kamar yadda ya sami tukwane. Ya sauko da tabarau a goshi, ya tsuguna ya karanta mana, don yana jin Sifaniyanci. Amaliya Ferrando. Shekara uku da wata biyu. An haife ta a garin nan, a nan ta rasu, a 1891.

Ban san lokacin da na isa bakin magudana ba. Na amayar da shayin safe da duk abin da ya biyo bayansa. Na wanke hannuna da sabulu har sau huɗu, amma ina jin sanyin dutsen a tafina. Burodin sunan jikokina a kansa na murza. Ina da cikin autata ma a kansa nake jingina idan bayana ya riƙe. Ashe duk shekarun nan kan kabarin 'yar mutane nake ci.

Da na dawo na tarar da Si Fu'ad yana ɗaukar hoto, bakinsa har kunne. Ya ce a wanke dutsen tas, a kafe shi a bangon ɗakin cin abinci, a sa masa fitila daga sama. Msemen ɗina kuma daga yau a rubuta shi a takardar abinci da sunan yarinyar. Har ya fara ƙirƙiro mata uba, wai matuƙin jirgin 'yan fashin teku.

"Lalla Mbarka, ba ki san abin da Allah Ya jefo mana ba," in ji shi. "Masu gidan baƙin da ke kusa da mu tsohuwar ƙofa kawai gare su, sun ishi kowa da cika baki. Mu ga tarihi a kicin."

"Kabari ne, Si Fu'ad."

"Na mutanen da suka bar garin tun kakanki na cikin tsumma. Wa zai zo nema?"

Na dube shi. Yarinyar nan ta fi shi zama 'yar gari. Masu yi wa baƙi jagora kullum suna kan ganuwa suna nuna igwa da wurin da aka ɗauki fim, ba mai faɗa musu cewa Nasara sun yi zamansu a nan, sun yi fatauci, sun haifa, sun binne. Mu ma da muka sani mun bar labarin a bayan ƙofar gari ta Bab Dukkala, inda makabartarsu take a bakin teku, muna wucewa ba ma ko juya kai.

Na kwance zanen aikina na ajiye masa a kan tebur. Na gaya masa daga nan gidan gasa burodi na unguwa zan nufa, in tsaya cikin matan da ke jiran nasu, in ba su labarin abin da ake murza fulawar gidansa a kai. Kafin la'asar ko mai kawo kifi ba zai taka masa ƙofa ba. Ya san halin bakina, ya san na matan Sawira. Ya yi tsaki, ya ce in kwashi tsiyata in kai inda na ga dama, ƙauyanci ne ke damunmu.

Na kira Hmida mai amalanke, muka shimfiɗa tsohon bargo muka ɗora dutsen. Muka ratsa kasuwa, iska na cika mana ido da yashi, baƙi na kaucewa da ƙananan wandunansu. Si Lahsen, dattijon da ke gadin makabartar, ya buɗe mana. Ya shafa rubutun da hannu, ya girgiza kai, sannan ya nuna min ɓangaren da ke kusa da teku. Kaburbura sun fi talatin babu dutse ko ɗaya a kansu, yashi ya shafe wasu. Ya ce littafin da aka rubuta wa ke ina ya ɓace tun kafin ya kama aiki. In muka ɗora a kan wanda ba nata ba, mun rufe wani da sunan wata, ita kuma tana nan ba suna. Dole muka jingine dutsen a bayan ƙofa kusa da tsintsiya. Na fito raina a jagule.

A gida na tarar da mahaifina yana cin sardin gasasshe. Ma'allam Bujma'a ke nan, magini, shekara tamanin da ɗaya, wanda ba a tayar da salla a masallacin unguwa sai an matsa masa a sahun gaba. Rabin kicin ɗin gidajen cikin ganuwa shi ya gina, har da wanda nake aiki a ciki, tun zamanin mai gidan na farko. A hanya na yi ta ba shi uzuri a raina, na ce wani ne ya sayar masa da dutsen da siminti a shafe.

Na zauna na ce masa yau bututu ya fashe, an ɗaga dutsen kicin. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Hannunsa ya tsaya a cikin kwano.

"Wa ya ce su juya shi?"

Ban ce an juya ba. Na tsare shi da ido, shi yana kallon ƙayar kifi.

Da ya ga ba zan ɗauke ido ba sai ya fara bayani. Wai shekarar da teku ya ci bangon makabartar ne, Nasara sun watse, ba mai zuwa, duwatsu na zube cikin yashi. Farin dutse irin wannan ko a Marrakesh ba a samu. Ya ce shi bai taɓa gawa ba, dutse ya ɗauka. Kuma mu da kabarinmu ba suna, me ya rage mu? Allah Ya san nasa. Ya faɗi wannan da muryar da yake yi wa matasa nasiha, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

"Baba, su ba haka suke yi ba. Uwarta ta sa aka rubuta don a sani."

"Uwar ta mutu, 'yata. Kowa nata ya mutu."

"Kai ba ka mutu ba. Kuma duk garin nan kai kaɗai ka san inda yake."

Ya ce in rufa masa asiri, tsufa ya kama shi, ba zai je ya tsaya gaban Lahsen a matsayin ɓarawon kabari ba. Na ce to, ni ma ba zan ƙara murza masa burodi ba, ya ci na kasuwa. Na ɗauke kwanon daga gabansa tun bai gama ba. Ban taɓa yi masa haka ba tunda aka haife ni, kuma ban ji kunya ba.

Kwana biyu ba ya min magana. A na uku da safe na fito na same shi zaune a dokin ƙofa, ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a, sanda a hannu. Yana ganina ya miƙe ya yi gaba. Na aika aka kira Hmida.

Abin da ya ba ni tsoro shi ne yadda bai yi ko dube-dube ba. Shekara arba'in da wani abu rabonsa da wurin, amma ya ratsa kaburbura kai tsaye kamar mai zuwa ɗakinsa. Ya tsaya kusa da bangon teku, ya tona yashi da bakin sanda. Si Lahsen ya kawo shebur ya share. Ga ɗan ƙaramin gini, tsawonsa bai kai hannuna biyu ba, da ƙusoshin ƙarfe huɗu da tsatsa ta ci, duk sun lanƙwashe gefe guda. Si Lahsen ya dubi ƙusoshin, ya dubi mahaifina. Ni ma na gane. Teku ba ya lanƙwasa ƙusa haka, ƙarfen banɓara ne.

Su Hmida suka kawo dutsen suka sauke. Ramuka huɗun da ke kusurwoyinsa suka faɗa kan ƙusoshin daidai. Na tsuguna na cire sauran busasshen kwaɓin da ya maƙale a gefensa da farce. Ban san addu'ar da ake yi musu ba, sai na ce mata ta yafe min.

Ina miƙewa na lura da wani ginin manne da nata, babba, shi ma ƙusoshi huɗu a lanƙwashe, ba komai a kai. Na tambayi mahaifina na wane ne.

"Uwarta," ya ce.

"Ina nata dutsen?"

Ya juya kai wajen teku. "A kansa kika same ni zaune ɗazu."

Dokin ƙofarmu. Farin dutsen da maƙwabta ke yaba wa mahaifiyata saboda haskensa. Ni nake wanke shi kowace safiya tun ina 'yar shekara goma. A kansa muke cire takalma, a kansa ake yanka ragon layya jini ya bi ta gefe, ta kansa aka fita da gawar mahaifiyata. Yawu ya cika min baki, na juya na tofar a yashi, nesa da kaburburan.

Na ce wa Hmida kada ya tafi, akwai sauran kaya, ya biya ta wurin Abdelƙadir ya aro ƙarfen banɓara. Mahaifina ya kama hannun rigata. Ya ce a bari sai gari ya yi shiru, ko a lulluɓe da bargo, yanzu kowa na waje.

Da azahar muka ɗauke dutsen dokin ƙofar, ana fitowa daga masallaci. Na sa Hmida ya kwantar da shi rubutun na kallon sama, bargon kuma na naɗe na riƙe a hammata. Sunanta Teresa. Mahaifina yana biye da amalanken da sandarsa, mutanen sahun gaba suna matsa masa hanya.