Ruwan Rabin Duro

"Ruwan kumfarka ne ya kwantar min da yarinya!" in ji mai faci, yana nuna kwatar da ta raba shagonsa da na mai wanki.

Mai wanki bai ko ɗago daga gugar da yake yi ba. Ya saba. Ko taya ce ta ƙi shiga, shi ne mai laifi.

Amma yau mai faci ba neman faɗa kawai yake yi ba, tsoro ne ya cika shi. Auta, 'yarsa da ke yini a shagon in an tashi makaranta, tana kwance a asibiti, jiki kamar garwashi, gaɓoɓi na ciwo har ba ta son a taɓa ta. Ya ja ƙofar shago ya nufi can.

"Ba maleriya ba ce, dengi ce," likita ta gaya masa, matarsa na tsaye a gefe. "Ita ma sauro ke kawo ta. A yi ta ba ta ruwa, banda asfirin. In kun ga jini a dasashi, ko amai ya ƙi tsayawa, ku kira ni nan take."

"Sauro kuma, likita? Ni da nake ɗaura mata gidan sauro har da toshe ɓula da salatif?"

"Wannan ba ya jiran dare, da rana yake cizo. Kuma ba kwata ya fi so ba, ruwan da aka tara a mazubi aka bari yake yi wa ƙwai."

Matarsa ta juyo a hankali. "Mazubi, likita? Kamar a ce rabin duro?"

Nan take tari ya sarƙe mai faci.

Rabin duron nan shi ne abin taƙamarsa. A ciki yake tsoma tub ɗin taya ya gano inda iska ke fita. Tun da ya buɗe shago bai taɓa zubar da ruwan ba, sai dai ya ƙara, wai tsohon ruwa ya fi nuna kumfa. Da ya dawo ya leƙa ciki, sai ga ƙananan tsutsotsi suna ta rawa kamar an biya su. A jikin duron kuwa ga ɗan bencin Auta, inda shi da kansa ya ajiye mata saboda wurin ya fi sanyi.

Ya tuntsurar da duron, ya dirje cikinsa da buroshi, ya kife shi a rana. Yana cikin haka matarsa ta kira: Auta ta sha ruwa, har ta tambayi babanta. Ya share ido da bayan hannu, ya ce wai ƙura ce.

Sai ga wani mai babur ya turo babur ɗinsa, tayar baya ta sace.

Mai faci ya dubi duro a kife. Ya dubi shagon maƙwabci, inda kowace safiya ake zubar da ruwan jiya a ɗebo sabo. Ya ɗauki bokiti, ya tsallake kwatar.

"Maƙwabci, ko za a ɗan sam min ruwa?"

Mai wanki ya ajiye dutsen guga, ya cika masa bokitin fal.

"Ya jikin Auta?"

"Da sauƙi."

"To madalla. In ka gama ka zubar, gobe ka dawo in ba ka wani."