Wake a Filin Ƙwallon Kwando

Duk Dogon Dutsi babu wanda ya kai Baba Yosiya son ƙwallon kwando, babu kuma wanda ya kai shi cika mini kunne. Ni ne mushe, wato malamin motsa jiki na lise, sakandaren garinmu, ni nake horar da samari, amma kullum yana bakin fili da sandarsa yana gyara mini aiki. Ya yi wasan ne a kwalejin kwana ta maza tun kafin 'yancin kai. Shekarar da suka kai wasan ƙarshe, ruwa ya kwashe filinsu na ƙasa, gasar ta watse. Haushin bai bar shi ba har yau.

Shi ya bi mutane gida-gida har aka daɓe mana fili da siminti. Burinsa ɗaya: ya ga yaran garin nan sun je gasar Dosso kafin ƙasa ta rufe masa ido. Bana muka kai bakin ƙofa. Saura wasa da Tibiri a filinmu, wanda ya ci shi zai tafi.

To, siminti mai santsi a lokacin girbi, ai ka san wa zai fara ganinsa. Matan unguwa suka mai da shi wurin shanya. Layukan da na sha wahala na ja da fenti suka zama iyakar gona: da'irar tsakiya ta Inna Marta ce, matar Baba, ƙarƙashin kwando na Maimunatu, sauran kowa da nata. Na yi roƙo, na yi faɗa, suka yi mini alkawari ranar wasa ko ƙwaya ba zan gani ba.

Ana gobe wasa aka yi wani ruwan bazata, ya jiƙa waken da aka sussuka. Ranar wasa da na iso da azahar, fili ya cika fal da shanyar wake, fari tas daga wannan kwando zuwa wancan. Raina ya ɓaci. Ga motar 'yan Tibiri ta iso, ga alƙalin wasa yana duban rana, don filinmu babu fitila.

"Mushe Abdulhakim," in ji shi, "in ba ku ba mu hili ba kahin rana ta hwaɗi, Tibiri ta ci."

Inna Marta ta zo ta kwashe nata tana ba ni haƙuri. Amma Maimunatu da Shamsiyya da wasu mata sun tafi kasuwar Matankari, ba su dawo ba. Na miƙa wa Luƙman, kyaftin ɗinmu, tsintsiya.

"Ku share shi duka, ku tara wuri guda!"

Luƙman ya tsaya yana kallon takalminsa. Ko ɗaya cikin samarin bai taka layin ba. Ɗan manomi ba ya taka abinci, balle ya share shi kamar shara. Na fizge tsintsiyar, na ce to ni zan yi.

Sai na ji sanda a gaban ƙafata. Baba Yosiya ne.

"Ɗana, aje ta."

"Baba, kai ko? Dosso hwa muka magana!"

"Na sani. In ka gama waken Maimunatu da na Shamsiyya, wa ka raba musu? Da wane mudu? Abincin shekara na."

"To mi kake so in yi?"

"A kwashe na kowa daban, buhu-buhu."

Haka aka yi, ina ji kamar in fashe. Samarina suka durƙusa suna tara wake da tafin hannu, suna bin layin fenti kada na wata ya shiga na wata. 'Yan Tibiri suka gaji da kallo, suka cire takalma suka shigo taya mu, abin da ya ƙara ƙona mini rai. Wake kuwa ba ya jin gaggawa. Ka tara nan, ya gangara can, kuma ƙwaya ɗaya a kan siminti ta isa ta kayar da ƙato.

Muna rabin fili na biyu aka kira magariba. Alƙali ya busa usur ɗinsa a hankali, kamar mai jin kunya. Tibiri ta tafi Dosso ba ta jefa ƙwallo ko sau ɗaya ba.

Na ƙi kallon Baba don kada in faɗi abin da zan yi nadama. Da kowa ya watse na same shi zaune kan buhun Maimunatu, yana korar awaki da sandarsa, yana jiran masu wake su dawo. Numfashinsa na fita da ƙyar, kamar yadda yake yi tun damina.

"Yaran ga sun iya," ya ce. "Baɗi, in Allah ya kai mu."

Na ce amin. Na karɓi sandar na ci gaba da korar awakin, don na ga hannunsa ya kasa ɗaga ta.