Wa Zai Ɗauki Gloria?

An tara mu iyaye a ajin 'yan firamare uku, muna zaune a kan bencin yara, gwiwoyinmu na gugar tebur. Ƙaramar makaranta ce a unguwar Mafoni, nan 'yata Gloria take karatu. Shugabar makarantar, Madam Florence, ta gabatar mana da wata budurwa mai suna Chidinma, wadda ke haɗa manhajar da za a riƙa ɗaukar yara da ita in an tashi.

Chidinma haifaffiyar garin nan ce, Hausa a bakinta kamar ta 'yan unguwar Hausari. Ta ce kullum kafin a tashi, saƙo zai shiga wayar wanda ya yi wa yaro rajista, ɗauke da lamba. Duk wanda ya nuna wa maigadi lambar, a ba shi yaro. Wanda ba shi da ita, ko uwar yaron ce, sai dai a tsaya a waje.

"Ba na son in zauna a ɗaki in ƙera abin da ba zai amfane ku ba," in ji ta. "Wa ke da matsala da wannan tsarin?"

Ni ina da matsala, tana ma zaune a bencin gabana. Yaya Dzarma ne, wan marigayi mijina. Ina cikin zaman makoki ya kawo Gloria makarantar nan, sunansa da lambar wayarsa aka rubuta. Tun bara yake cewa yarinya ta gidansu ce, zai kai ta ƙauye ta girma a hannun kakarta. Abin da ya tare shi har yanzu Baba Ajimi maigadi ne, wanda na roƙa kada ya ba kowa ita sai ni. Da na shigo yau, na ga keke napep a bakin ƙofa yana jira, jakar tafiyar Yaya a ciki.

To amma ta yaya mace za ta buɗe baki a gaban wan mijinta, cikin taro? Ba haka aka rene ni ba.

Maƙwabciyata Mu'mina ta ɗaga hannu. "Ni wayata tana wurin mai caji tun safe. In ɗauko mai cajin in nuna wa Baba Ajimi?"

Aka kwashe da dariya. Chidinma ta rubuta a kwamfutarta. "Wannan magana ce. Sai wa kuma?"

"Babu matsala," in ji mazan da ke gaba. "Tsari ya yi kyau."

"To bari mu gwada yau," in ji ta, ta danna wani abu.

Wayoyi suka fara ƙara a ko'ina. Tawa tana tafin hannuna, shiru. Na ga Yaya Dzarma ya duba tasa, ya gyara hula, ya miƙe. A waje aka kaɗa ƙararrawar tashi.

"Bari in je in gwada muku," in ji shi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Malama Chidinma, ni ina da matsala."

"Ketura, zauna," in ji Yaya, bai ko juyo ba. "Maganar gida ba nan ake yin ta ba."

"Ka yi haƙuri, Yaya," na ce. "Lambar 'yata ba wayata ta shigo ba."

Ya fice abinsa. Chidinma ta zo kusa da ni, ta rage murya. "Wa ke ɗaukarta kullum?"

"Ni."

"Akwai wanda ba ki yarda ya ɗauke ta ba?"

Duk idanu a kaina. Na nuna ƙofar da ya bi. "Shi. In ya fita da ita, ƙauye zai wuce."

"Amma sunansa ne a rajista," in ji Madam Florence. "Kuma da safe na gaya wa Baba Ajimi lamba kawai zai bi."

"Ni ma fa!" in ji Mu'mina. "Uban yarana yana Legas, lambar can ta tafi. Yaran su kwana a nan ke nan?"

Ban tsaya jin sauran ba. Na ruga cikin yaran da ke fitowa, takalmina ɗaya ya fita ban koma ba. A bakin ƙofa na tarar da Yaya riƙe da jakar Gloria, ɗayan hannun yana miƙa waya, ita kuma tana tsaye a gefensa. Baba Ajimi ya dubi wayar da aka ba shi ta aiki, ya dube ni. Ya shiga danna lambar a hankali, da ɗan yatsa ɗaya, yana gogewa yana sakewa.

"Baba, ka yi sauri, mota za ta tashi," in ji Yaya.

"Idon tsoho ne, Malam. Wannan bakwai ce ko ɗaya?"

Sai wayar Baba Ajimi ta yi ƙara, fuskarta ta koma ja. Na waiga, ga Chidinma a bakin aji, kwamfuta a buɗe a hannunta.

"Na soke gwajin duka!" ta ɗaga murya. "Baba, yau a yi yadda aka saba."

Baba Ajimi ya kama hannun Gloria ya sa cikin nawa. Yaya ya ajiye jakar a ƙasa.

"Kin tona mana asiri a gaban bare, Ketura. Za mu haɗu a gaban manya."

"Zan zo, Yaya."

Keken ya tafi da shi. Chidinma ta ƙaraso riƙe da takalmina. Ta ce daga gobe ba za ta ƙara tara mu a aji ba, kowa za ta zauna da shi shi kaɗai, ta tambaye shi wa zai ɗauki yaronsa, wa kuma ba zai ɗauka ba. Ta ce in zo da safe, da ni za ta fara.

Gloria ta ja zanena. "Mama, kina matse mini hannu."

Na ɗan sassauta, ban saki ba.